Yadda za ka zaɓi samfila mai araha in kana haɗa kiɗa

Kafin ka tura wa wani dila kuɗi ya kawo maka samfila, wato na'urar naɗar sauti da daddatsa shi don haɗa kiɗa, daga Legas ko Dubai, tsaya tukuna ka duba abin da ke aljihunka da wanda ke kan tebur ɗinka, domin yawancin masu fara haɗa kiɗa suna da samfila a hannu ba su sani ba. In kana da waya mai ɗan ƙarfi ko laftof da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a ciki, to wallahi ka riga ka mallaki abin da za ka yi wata shida kana aiki da shi kafin ka ji ya yi maka kaɗan. Na'urar hannu tana da daɗinta kuma za mu zo kanta, amma ba da ita ake farawa ba in kuɗi ba su da yawa.

Aikin samfila dai shi ne ya ɗauki sauti, ko bugun kalangu ne ko muryar mutum ko ƙarar ƙwarya ko wani yanki na kiɗan da aka riga aka naɗa, ya ba ka dama ka daddatsa shi, ka ɗora kowane yanki a kan maɓalli, ka ɗaga muryarsa ko ka sauke, ka maimaita, ka jera yadda kake so har ya zama sabon kiɗa. Bambancinsa da fiyanon Yamaha PSR ɗin da situdiyoyin Kano suka daɗe suna yin waƙoƙin fim da shi kenan, fiyano sautin da kamfani ya zuba masa shi zai ba ka, shi kuma samfila abin da ka ciyar da shi ne yake dawo maka da shi. Shi ya sa nake ganin mu ne ma muka fi kowa buƙatarsa, tunda babu kamfanin Japan ɗin da zai zauna ya naɗa maka kotso ko gurmi ko shantu yadda ya kamata.

Toh mu fara da waya. Akwai manhaja mai suna Koala Sampler, tana kan Android da iPhone, kuɗinta bai wuce dala 5 ba sai dai in za ka sayi ƙarin kayan cikinta daga baya. Ka danna maɓalli ka riƙe, ta naɗi sauti da makirfon wayar, ka saki, shi kenan sautin ya hau, kuma tana ɗaukar sauti har 64, tana da wurin jera kiɗa da ifet-ifet na ƙawata sauti, in ka gama ka fitar da aikin ka kai kwamfuta. Gaskiya a wannan kuɗin ban ga abin da ya kamo ƙafarta ba. In ko sisi ba ka son kashewa BandLab ma yana da samfila a ciki kyauta, masu iPhone kuma GarageBand ɗinsu na da shi. Matsalar waya ɗaya ce babba, jinkiri, wato ka taɓa maɓalli sai sautin ya ɗan makara kafin ya fito, wannan ya fi yawa a ƙananan wayoyin Android kuma iyafis na Bluetooth yana ƙara shi sosai, don haka ka nemi iyafis mai waya ka soka. In har da mai wayar ma kana jin makarar tana ɓata maka bugu, ka daina bugawa da yatsa kai tsaye ka riƙa jera sautin ɗaya bayan ɗaya a kan layi, aikin zai fita.

Sai kwamfuta, kuma nan ne yawancin furodusoshinmu suke. Mai FL Studio, duk sautin da ka ja ka jefa cikin jerin tashoshin nan ai samfila ne ya karɓe shi, sannan ga Slicex mai yanka dogon sauti gunduwa-gunduwa ya raba maka a kan kibod, ga Edison na naɗa da gyara. Amma ka lura waɗannan biyun sai daga Producer Edition zuwa sama suke zuwa, ƙaramin wato Fruity Edition ba ya da su, kar ka sayi ƙaramin don araha ka zo kana cizon yatsa. Abin da ke da kyau da kamfanin Image-Line shi ne in ka saya sau ɗaya duk sabon fitowa kyauta ne har abada. Mai manhajar Ableton Live kuma yana da samfila mai suna Simpler ko a ƙaramar fitowar Lite, kuma ita Lite ɗin sau da yawa kyauta ake haɗo ta da sabon sawun kad ko ƙaramin kibod, mutane da yawa suna jefar da takardar da ke cikin kwali ba su san lasisi ne suka zubar ba. Kamfanin Akai ma ya saki manhajar MPC Beats kyauta tun 2020, tsarinsa irin na injin MPC ne mai maɓalli 16. Akwai TX16Wx wanda cikakken samfila ne kuma asalinsa kyauta, sai dai fuskarsa tana da ɗan rikitarwa sai ka yi haƙuri da shi kwana biyu. Reaper kuwa, wanda shi ma manhajar haɗa kiɗa ne, ana gwada shi kwana 60 sannan lasisinsa na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne, yana da nasa samfilan a ciki, kuma ba ya cin ƙarfin kwamfuta, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa.

Wani wuri da ake yawan ruɗewa shi ne Kontakt, wani sanannen samfila na kwamfuta. Kowa ya ji sunansa sai ya je ya sauke Kontakt Player na kyauta yana zaton ya samu, alhali shi Player ɗin ba don ka gina naka sautin aka yi shi ba, tarin sautukan da aka yi wa lasisi kawai yake bugawa, in ka loda masa wanda ba shi da lasisi minti 15 zai yi ya ɗauke. Cikakken kuma yana da tsada. In abin da kake nema sautin fiyano da goge irin na Turawa da sarewa ne na kyauta, Decent Sampler ya ishe ka. Maganar kirak kuwa, wato manhajar da aka fasa don a yi aiki da ita ba tare da biya ba, ban ba ka shawara ba, ba don wa'azi kaɗai ba, kwamfutar da aikin mutane ke ciki wanda suka biya ka kuɗi bai kamata ka riƙa zuba mata abin da ba ka san me aka cusa a ciki ba, ga shi na halal na kyauta sun yi yawa yanzu.

In ka yi wata biyu uku a haka sai ka ji linzami ya ishe ka, hannunka yana son ya buga, to abu na gaba ba inji mai tsada ba ne, ɗan kibod ne mai maɓallan roba irin su Akai MPK Mini mai makulli 25 da maɓallan bugu 8, ko MPD218 wanda maɓallan bugu 16 ne da shi ba kibod. Ka soka a USB ka samu rabin daɗin na'urar hannu a kan kuɗi kaɗan.

Yanzu na'urar hannu. Dalilin da ya fi ƙarfi na sayenta a wurinmu a ganina wuta ce, NEPA ta ɗauke batirin laftof ya mutu aiki ya tsaya, ita kuwa ƙaramar na'ura mai batir ko fawa bank ba ruwanta, kuma za ka iya sa ta a jaka ka je har inda makaɗi yake. Saboda haka tambaya ta farko da za ka yi wa kowace na'ura ita ce da me take aiki. Ta biyu kuma, kuma don Allah ka riƙe wannan, shin tana naɗar sauti da kanta? Domin akwai waɗanda sunansu samfila amma ba sa naɗa, Korg Volca Sample da Elektron Model:Samples duk haka suke, sai ka shirya sautin a wani wuri sannan ka tura musu, in ba ka da kwamfuta ka sayo wa kanka wahala.

Mafi araha a masu naɗa da kansu shi ne PO-33 K.O! na kamfanin Teenage Engineering da ke Suwidin, ya fito 2018 a ƙasa da dala 100, girmansa kamar kalkuleta, yana da makirfo a jiki, batir AAA biyu yake ci, amma sakan 40 kacal yake riƙewa kuma jikinsa a buɗe yake babu murfi, ƙurar hunturu ba za ta raga masa ba sai ka nema masa gida. Babban wansa EP-133 K.O. II ya fito 2023 a dala 299, na farkon memorinsa 64MB ne, yana aiki da batir ko USB-C. Novation Circuit Rhythm na 2021 batirinsa na ciki ne ana caji, amma ba shi da allo, da launin fitilu ake gane komai, wasu na son hakan wasu kuma yana ba su ciwon kai. In kuɗinka sun kai wajen dala 500 to Roland SP-404MKII shi zan nuna maka, ya fito 2021, yana da 16GB a ciki, yana karɓar makirfo da jita kai tsaye, yana aiki da batir AA shida ko fawa bank, ifet ɗinsa kuma su ne suka yi masa suna. Akai MPC One ya fi su duka cika, situdiyo ne guda a akwati, amma ya fito a dala 699 a 2020 kuma ba shi da batir, sai da wuta ko inbata. Waɗannan farashin lokacin fitowa ne fa, kafin kaya su iso hannunka an ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar dila, ga canjin dala da ba ya zama wuri ɗaya.

Kar ƙarancin memori ya tsorata ka. Minti ɗaya na sautin WAV irin na faifan CD kusan 10MB ne in sitiriyo ne, in mono ne rabin haka, kuma bugun ganga guda bai kai sakan ɗaya ba. E-mu SP-1200 da ya fito 1987, wanda aka gina babban ɓangare na hip hop ɗin New York a kansa, sakan 10 ne gaba ɗaya memorinsa, har furodusoshin lokacin suna ƙara wa faifai gudu kafin su naɗa don ya shiga, sannan su sauke muryar a cikin injin. MPC60 da Roger Linn ya tsara wa Akai a 1988 shi ma wayar da ke hannunka ta ninka shi ƙarfi ba adadi.

In na hannu za ka saya, wato tokumbo, kar ka biya sai ka gwada da kanka ko wanda ka yarda da shi ya gwada. Ka danna kowane maɓalli a hankali da kuma da ƙarfi ka ji ko yana bambance bugun, ka murɗa kowane abin murɗawa ka ga ko lamba tana tsalle, ka soka hedfon ka girgiza kan wayar hedfon ɗin ka ji ko yana ƙara, ka naɗi muryarka ka kashe na'urar ka kunna ka ga ko tana nan. Sannan ka juya adaftar ka karanta, in an rubuta 100-240V lafiya, in 110V ko 120V kaɗai ne kayan Amurka ne, ka soka a wutarmu ya ƙone nan take. Kuma kar ka ɗauki kowace adafta don kawai bakinta ya shiga, ta Volca da ta fedal ɗin Boss duk 9V ne amma a juye suke da juna a tsakiya, kuskure ɗaya ya isa ya lalata na'ura. Ka tambayi mai kayan ko ya cire rajistar na'urar daga asusunsa, in ba haka ba manhajojin da ke zuwa da ita ba za su zo hannunka ba.

Abin da ya fi zaɓen na'urar muhimmanci a wurina shi ne abin da za ka zuba mata. Kalangu ba kamar gangar Turawa ba ne da za ka naɗi bugu ɗaya ka yi ta maimaitawa, makaɗi yana matse tsarkiya da hammata muryar tana hawa tana sauka cikin bugu guda, nan ne maganar kalangun take, in ka ɗauki bugu ɗaya ka baza a kan kibod abin zai fito a sandare duk mai kunne zai gane. Ka roƙi makaɗin ya yi maka bugu a sake, da a matse, da tsaka-tsaki, da wanda muryar ke zamewa sama da mai zamewa ƙasa, kowanne a hankali da kuma da ƙarfi, sannan ya yi maka cikakkun zagaye na kiɗa masu ɗan tsawo. Ni na fi son a bar shi ya buga da saurinsa na asali sannan ka daidaita saurin aikinka da nasa, domin in ka tilasta wa kowane bugu ya zauna daidai kan layin kwamfuta ka kashe rangajin da ya sa ka nemo shi tun farko. Ku shiga ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, a yi nesa da janareta, kar makirfo ya manne da fatar, ka bar kamar taƙi ɗaya ko biyu, kuma ka sa ido kar mitar ta taɓa ja don sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Ka ajiye a WAV. In za a turo maka ta WhatsApp a turo a matsayin dokumen, saƙon murya yana matse sauti ya zubar da kyansa.

Shi kuma makaɗin ka biya shi hakkinsa, ka gaya masa a fili cewa sautin zai shiga waƙoƙi da yawa ba guda ɗaya ba, ku yi yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce da shaidu. Haka in tsohon kaset ɗin wani mawaƙi ka yanko, ko ya rasu yana da magada kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikinsa, maganar da ake yaɗawa wai in bai wuce 'yan sakanni ba babu laifi ba gaskiya ba ce. YouTube ma yana da na'urar da ke gano sautin wani a cikin naka, kuɗin waƙar ya koma wurin mai shi ko a toshe ta gaba ɗaya. Ka nemi izini kafin ka saki, in izinin ya gagara ka ɗauko makaɗi ya buga maka sabon kiɗa na kanka a wannan salon.