Yadda na koya wa ɗan bajina magana a unguwar Mabera, Sakkwato

Kalmar da tsuntsuna ya fara faɗa ba wadda na koya masa ba ce. Wata biyu ina tsugunne gaban keji ina ta "Salamu alaikum", shi kuwa ran da bakinsa ya buɗe sai ya ce "Awo", da jan muryar Inna sak. Ashe kullum da hantsi tana zama gefen kejin tana tsintar shinkafa tana amsa waya, shi yana saurare. A nan na gane tsuntsun nan kalmar da ya ji an faɗa da rai yake ɗauka, daga bakin wanda ya saba da shi.

Baji nake nufi, ɗan ƙaramin akun nan mai doguwar jela wanda asalinsa Ostireliya. Idan magana kake so, tun a wurin saye ake cin nasara ko a faɗi. Nemi namiji, kuma yaro. Dubi fatar da ke saman bakinsa, inda ƙofofin hanci suke: ta namiji balagagge shuɗiya ce, ta mace fara-fara ko ruwan ƙasa. Ɗan yaro kuma za ka ga zane-zanen baƙi sun sauko goshinsa har kusa da baki, suna gushewa idan ya kai wata 3 zuwa 4. Mai zanen nan shi ne naka. Mai sayarwa zai ce maka "Alhaji, wannan har ya fara magana." Yi masa murmushi, ka duba goshin.

Ɗaya za ka saya. Idan su biyu ne, hirarsu ta ishe su, ba ruwansu da taka. Amma ka sani ka ɗaukar wa kanka nauyi, domin a daji garke suke yawo, yanzu kai ne garkensa. Wanda ke fita tun asuba sai bayan isha'i, gidan kuma ba kowa, gara ya sayi biyu ya haƙura da magana. Madubi ma na cire daga kejin, don na ga ya koma wa inuwarsa yake yi wa hira.

Kafin kalma, sabo. Mako biyun farko ban koya masa komai ba. Nakan riƙe guntun zangarniyar gero in zura hannu in yi shiru, har ya daina fuffuka, har ya hau yatsana. Tsuntsun da ke tsoron hannunka ba zai kwaikwayi bakinka ba.

Sai ka zaɓi kalma ɗaya gajera, ka ɗaura ta a kan wani abu da ke faruwa kullum. Ni yanzu duk sanda zan yaye mayafin keji da safe sai in ce "Ina kwana", in zan zuba gero in ce "Taho". Minti goma da safe, goma da la'asar, fuskarka kusa da shi, murya a sama kamar kana yi wa jariri wasa. Lura da shi: idan ya matso, ya karkata kai, ƙwayar idonsa tana tsukewa tana buɗewa, darasi na shiga. Kada ka ƙara kalma ta biyu sai ta farko ta zauna. Na gwada barin waya tana maimaita muryata, ya mayar da ita kamar ƙarar fanka.

Kuma ka kasa kunne, don muryarsa 'yar siririya ce mai sauri, kalmar takan ɓuya cikin dogon surutun da yake yi shi kaɗai da rana. Mutane da yawa tsuntsunsu na magana ba su sani ba. Wani baji mai suna Puck a Amurka ya shiga kundin Guinness da kalmomi 1,728. Nawa shida gare shi, wani kuwa har ya mutu ba zai ce uffan ba.

Sauran kukansa ma magana ce. Kiran da yake ƙwalawa da safe da gab da magariba neman garke ne, ka amsa masa daga inda kake. Gurzar baki lokacin barci alamar kwanciyar hankali ce. Shirun da ya zo da kumbura gashi da zama a ƙasan keji shi ne abin tsoro, nemi likitan dabbobi a ranar. A zafin Afrilu na Sakkwato, in ka ga ya buɗe baki ya ɗaga fukafukai, kai shi inuwa ka ajiye masa ruwan wanka. Da hunturu a rufe kejin daga iska. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro suna iya kashe shi, haka ma fiya, kada ya ɗanɗana.

Abin da ya riga ya kama da wuya ya saki, sai dai a daina kula shi in ya faɗa. Nawa ya kwashe tarina da ƙarar wayar Inna. Jiya ma sai da ta tashi neman wayar sau biyu, ta dawo tana dariya ta ce, "Kai ɗan nan, zo ka ɗauke tsuntsun ga naka, ya maishe ni abin wasa."