Kurakuran masu rubuta wa yara waƙar ƙirga

Na gaji da karanta waƙoƙin ƙirga da sababbin marubuta ke turo mini, masu kyau a takarda, amma da an ba yara sai su watse kafin a kai bakwai.

Babban laifin shi ne ƙirga gaɓoɓi da yatsa, a manta da nauyinsu. Karin waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi (mai dogon wasali ko tagwan wasali, ko mai ƙarewa da baƙi) da marar nauyi (mai ƙarewa da gajeren wasali) yake, shi ya sa aruli, ma'aunin waƙar Larabci na Halilu ɗan Ahmad, ya zauna wa rubutattun waƙoƙinmu daidai. To, lambobinmu ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida da tara duk marasa nauyi ne, gudu suke yi a baki. Biyar, bakwai da takwas suna farawa da sauƙi su dire da nauyi. Goma ce kaɗai take farawa da nauyi. Rubutun boko kuma ba ya nuna dogon wasali: tara ta ƙirga da tara ta tara kuɗi kamarsu ɗaya a ido, a kunne kuwa sun bambanta.

Wannan ya taɓa kunyata ni. Na rubuta wa 'yan aji biyu waƙa don bikin rufe makaranta, kowane ɗango, wato layin waƙa, gaɓa takwas cif, ina ta jin kaina. Ban taɓa rera ta da tafi ba. Ranar biki, gaban iyaye, yara suka tafi lafiya har huɗu, a biyar tafi ya rabu gida biyu, a goma wata yarinya ta tsaya ta dube ni, sauran suka fashe da dariya. Ni na jawo, na cusa goma a gurbin da na auna da tara. Tun daga nan ba na sakin waƙa sai na rera ta ina tafi sau uku, sannan na ba yaran gidanmu. Inda suka canza kalma da kansu, tasu nake ɗauka. Goma kuwa ɗangonta daban nake ba ta, ta zama wurin tsayawa.

Sai masu dagewa lallai lamba ta zo ƙarshen ɗango. Malam, wa ya aike ka? Wajen amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen ɗango, bakwai tana da "akwai" da "ƙwai", ka tsira. Biyar da takwas fa? Nan za ka ga an jawo kalmar da babu yaron da ya taɓa ji, don kawai amsa-amo ya fita. Ni a farkon ɗango nake sa lamba, in bar ƙarshen ga gaɓa mai yalwa irin "wa" ko "na".

Wasu kuma kunyar maimaici suke ji, kowane baiti da sabon salo, kamar alƙalan gasa za su burge. Yaron da ya ɓata a shida, amshi ne ke dawo da shi. Amshi ɗaya, kada ka taɓa ko harafi.

Kada ka gauraya karin harshe: in ka fara da ukku da shidda irin na Sakkwato, nauyi ya canza, sai ka tafi da su har ƙarshe. Kada ka zarce goma ga 'yan ƙanana. Nasiha kuma ka bar wa malamin aji.