Yadda ake daidaita gindin bindiga da jikin mai ita

Masu harbin nishana a nan Yamai, waɗanda ke da takardar izini, sun yi ta tambayata yadda ake saita gindin bindiga na alminiyom, irin wanda kamfanin MDT ko KRG ke ƙerawa. Ga matakan.

1. Cire gidan harsashi.
2. Buɗe bindigar, ka duba cikinta da ido, ka taɓa da yatsa. Hattara: nan ake samun ganganci. Kada ka ce ai ka sani babu komai ciki.
3. Juya bakinta inda babu mutum ko dabba.
4. Sa rigar da ka saba harbi da ita, domin rigar sanyi ta lokacin hunturu tana ƙara kauri a kafaɗa.
5. Kwanta rub da ciki, gindin a ramin kafaɗarka.
6. Ja matashin kafaɗa gaba ko baya har yatsanka ya kai kunama ba tare da ka miƙe hannu ba. Galibi tsawon daga kunama zuwa ƙarshen matashin kafaɗa yana kusa da santimita 34.
7. Rufe ido, ka ɗora kunci a kan matashin kunci.
8. Buɗe ido. In ka ga baƙin inuwa a gefen madubin hange, ɗaga matashin kunci ko sauke shi kaɗan. Kada ka lanƙwasa wuya don neman madubi. Wuyan da ya gaji ba ya barin hannu ya natsu.
9. Bar tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin ido da madubi, don kada ya doki girarka.
10. Ɗaure ƙusoshin daidai ƙarfin da takardar kamfani ta faɗa, matsewa fiye da kima tana cinye zaren ramin da ƙusar ke shiga a jikin alminiyom.
11. Yi wa kowane wurin da ka saita alama da fenti, ka goge ƙura kafin ka ajiye a inuwa.