Yadda na gyara yoyon man giyar baya a BMW R75/5

Babur ne mai shaf, wato sandar ƙarfe mai juya tayar baya, maimakon sarƙa. Mai yana tsattsafowa yana jiƙa birkin baya, ashe ba sil, robar da ke tare mai, ne ya mutu ba: an cika man ya wuce kima, ƙofar iskar giyar kuma ta toshe da datti.

Na ɗora shi a jak ɗin tsakiya da ɗuminsa. Fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, don in ya ƙi buɗuwa kada a bar giya ba mai. Na tsiyaye, na goge ƙofar iska, na sa sabon wosha. Sai man giya 80W-90 GL-5, mililita 250, daidai gindin zaren ramin zubawa. Man inji ba ya jure matsin haƙoran giyar baya, kada a gwada.