Yadda ake wanke bututun bindigar farauta da sauya ƙwayar saiti a gida

Da masu bindigar farauta mai lasisi nake, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, irin wadda ake karyawa a sa harsashi. Abu biyu ne kawai aikin gida: wanke bututu, da sauya ɗan ƙwallon tagullar nan da ke kan baki, wanda ake saiti da shi. Yanke bututu ba ya ciki. Dokar makamai ta 1959 ta hana a rage shi ƙasa da inci 20, ta kuma ce gyaran bindiga sai mai izini. Ko ba don doka ba, matsewar da ke tara harsashi wuri ɗaya a ƙarshen baki take, in ka yanke ta zabon da ke nesa ya fi ƙarfinka ke nan.

Karya bindigar, ka ga ramin harsashi babu komai da idonka, ka cire katakon gaba, bututun zai fita. Ɗaga shi sama ka leƙa ta baya. Bindigar da ta yi damina a jingine a kusurwar ɗaki, ba abin mamaki ba ne ka tarar zanzaro ya yi gini a ciki, kuma harbi a kan wannan laka yana kumbura bututu ko ya fasa shi. In ka ga wata inuwa kamar zobe a ciki, ko ka shafa waje ka ji kumburi ko lotsawa, tsaya nan. Wannan ba na gida ba ne.

Wanki kuwa, sandar katako mai santsi da tsumman auduga sun isa. Bututun bindiga mai cin harsashi lamba 12 faɗinsa kusan milimita 18.5 ne, sai ka naɗa tsumman yadda zai shiga da ɗan matsi. Jiƙa da kananzir, tura daga baya zuwa baki, sauya tsumma har ya fito fari. Sanfefa da soson ƙarfen wanke tukunya kada su kusanci bindiga, suna cinye baƙin da ke kare ƙarfen. A ƙarshe man keken ɗinki, kaɗan. Man gyaɗa da manja daskarewa suke su yi danƙo. Kuma a Sakkwato wanda ya cika mai da hunturu, ƙura ce zai tara.

Yanzu ga inda sababbin hannu ke ɓata bindiga. Ƙwayar saiti ba manna ta aka yi ba, ƙafa gare ta mai haƙori kamar na noti, an murɗa ta cikin ɗan rami. Yawanci a daji take karyewa, kan ya tafi, ƙafar ta saura. Sai mutum ya ɗauko ƙusa da guduma zai dake ta ciki, haƙorin ramin ya tafi gaba ɗaya. Wani kuma ya nufi mai walda. Wuta tana taɓa ƙarfin ƙarfen, kuma a mai baki biyu dalma ce ta riƙe ƙarfen tsakiya, da ta ji zafi sai ta saki. Maƙeran unguwar Assada da ke Sakkwato gwanaye ne, amma a kan garma da gatari za ka neme su, ba wannan ba.

Ɗiga kananzir a kan guntun, ka bar shi ya kwana. Gaggawa ce ke karya sauran. Da safe naɗe bakin bututun da fata ko robar tayar keke don kada ka karce shi. In guntun ya ɗan leƙo, kama shi da ƙaramar filaya, ka murɗa hagu a hankali. In ya ƙi, ɗan mayar da shi dama kaɗan sannan ka dawo, ka ƙara kananzir. In ya karye daidai da ƙarfen, tagulla tana da taushi: ja masa layi a tsakiya da bakin reza mai kauri, ka sa siririyar sukudireba irin ta masu gyaran agogo. In duk wannan bai yi ba, kai wa mai izinin gyara. Kada ka sa injin huji da hannunka, ramin ƙarami ne, hannu na rawa kaɗan ka faɗaɗa shi.

Guntun da ka cire kada ka yar, da shi za ka nemo sabuwa. Haƙoran ba iri ɗaya ba ne: bindigogin Amurka awon inci suke bi, irin 6-48 da 3-56, na Turai da Rasha kuwa milimita. Wadda ta dace da yatsa take shiga. Wadda sai da filaya ta fara shiga, ba tata ba ce, ko mai kaya ya rantse.

Bayan ta zauna, sa ɗan yatsa cikin baki ka shafa. A yawancin masu baki ɗaya ramin ya huda har ciki, sabuwar ƙwaya kuma ƙafarta ta fi tsawo, sai ta leƙo kan hanyar harsashi. Harbin farko zai fizge ta, wani lokaci ya ɓata bakin. Cire ta, goge ƙafar da magagari a waje, mayar, sake shafawa. Sau uku, sau huɗu, har yatsa ya daina jin komai. A cikin bututu ba a gogewa. Don kada ta kwance, ɗigon Loctite mai shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa. In babu, jan farcen mata yana yi, ya kuma fi arha. Ni ban yarda da sufa gulu ba, ran da za ka sake cirewa za ka sha wahala.

Gwaji a bayan gari, inda akwai tudu a baya, ba mutane ba dabbobi. Kafa babban kwali a taku talatin, zana ɗigo a tsakiya, harba uku. In ya taru ƙasa da ɗigon, ƙwayar ta yi tsawo, nemi gajeriya. In sama ya tafi, mai ɗan tsawo kake buƙata.