Mota na shan baƙin mai? Duba nan kafin a sauke inji

Jama'a, kafin bakanike ya ce a sauke inji, a fara da kwali. Shimfiɗa shi ƙarƙashin mota ta kwana. In ka ga ɗigo da safe, yoyo ne, galibi daga gasket ko sil, wato abubuwan da ke toshe mahaɗar sassan inji don kada mai ya fita.

In kwali ya tashi fes, koma salansa. Shuɗin hayaki a tashin farko, ya ɗauke bayan 'yan mintoci: sil ɗin bawul ne ya bushe, mai na zurarewa silinda da dare. In kuwa sai ka taka totur yake turnuƙewa, ringi (zoben fistan da ke hana mai hawa silinda) ya ci, fulogi zai fito baƙi, jiƙe da mai. Ƙurar hunturun Katsina ma na cinye ringi in filtar iska ta yage.

A duba bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da tururin da ke taruwa a cikin inji, yakan toshe ya jawo shan mai, kuma ba tsada.