Kurakuran da Masu Gini Suka Fi Yi a Sababbin Unguwannin Bayan Gari, da Yadda Ake Gyara Su

Dutse da Damaturu da Birnin Kebbi sun zama hedikwatar jiha a 1991, Gusau da Gombe kuma a 1996. Tun daga lokacin ma'aikata da 'yan kasuwa suke ta kwararowa cikinsu. Daga baya aka kafa jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere a 2011, sannan Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013, kowacce ta ja unguwanni a gefenta. Rashin tsaro kuma ya koro mutanen ƙauye zuwa birni a Zamfara da Katsina da sauran wurare. Gonar da aka girbe gero a cikinta bara, bana an yanka ta fegi-fegi.

Matsalar ita ce jama'a ke riga gwamnati isa waɗannan wurare. Sai an gama gini an tare kafin a fara maganar titi da kwalbati da taransifoma. Saboda haka abin da ya kamata hukuma ta duba, mai gini ne zai duba da kansa, kuma yawancin kurakuran da ke cin mutane ana tafka su ne tun ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Sayen fili da rani

Wannan shi ne babba, shi ya sa zan daɗe a kansa. A watan Maris ko Afrilu kowane fili kyakkyawa ne: a bushe, a shimfiɗe, mota tana kai ka har bakinsa. Dillali zai nuna maka duwatsun iyaka, ya ce wani Alhaji na zuwa da kuɗinsa gobe, kai kuma ka ba da kafin alƙalami. Sai watan Agusta ya zo ka gane cewa fadama ka saya, ko hanyar da ruwan unguwanni uku ke bi ya gangara rafi.

In da hali, kada ka biya sai ka ga filin washegarin da aka yi ruwa mai ƙarfi. In kuma ba za a jira ka ba, filin da kansa yana ba da labari. Dubi katangar gidan da ya fi kusa: in ka ga wani layi mai duhu ya zagaye ta daga ƙasa, filasta tana ɓarewa, wani farin gishiri-gishiri ya fito a jikin bulo, to iyakar inda ruwa ke kaiwa ke nan. Dubi ƙasar: baƙa ce mai tsagewa da rani har hannu ya shiga? Laka ce, tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ita ce ke tsaga gini daga tushe har linta. Ka ga yashi mai laushi ya kwanta a jere kamar an share? Ruwa ne ya ajiye shi. Sannan ka bar dillali a mota, ka nemi manomin da ke maƙwabtaka da wurin ko wani dattijo, ka ce, "Baba, a da can me ake nomawa a nan?" In ya ce shinkafa ko rake, ka sami amsarka.

Akwai kuma tsohon kududdufi. Ramin da aka haƙi ƙasar gini shekaru da yawa, aka cike shi da shara da ɓaraguzai, aka watsa jar ƙasa a sama aka sayar. Ginin da aka ɗora a kai yana nutsewa a hankali, gefe guda kafin ɗaya. Ban da haka, kududdufin nan shi ne yake shanye ruwan unguwar, ranar da aka cike shi ruwan sai ya nemi ɗakunan mutane.

Ba sai an tsorata kowa ba, amma mun ga abin da ruwa ya yi a Jibiya a Yulin 2018, da Haɗeja da kewayenta a 2022, da Maiduguri a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, da Mokwa a Mayun 2025. A Gombe kuwa zaizayar ƙasa ce ke cin gidaje daga bakin kwari, taku-taku, kowace damina.

Wanda ya riga ya saya fa? In ba a kan hanyar ruwa sosai yake ba, ana iya zama. A ɗaga tushen gini ya fi titin da za a yi nan gaba tsawo, ba titin ƙasa na yau ba, domin duk ranar da aka zo yin kwalta sai an ciko hanyar, gidaje da yawa kuma a ranar suke komawa rami. A cike da jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana jiƙawa ana daddaɓewa, ba a juye tifa goma rana ɗaya a zuba kankare a kai ba. In laka ce, a kira injiniya ya duba ƙasar kafin a haƙa tushe, ko da gidan ƙasa ne ba bene ba. In kuwa tsakiyar hanyar ruwa ne, gaskiya ita ce a haƙura da gini a wurin.

Takardar mai unguwa ba ita ce ƙarshe ba

Yawancin cinikin fili a bayan gari yana ƙarewa da takarda guda: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, shaidu biyu-biyu, hatimin mai unguwa ko dagaci. Takardar tana da amfani, tana nuna an yi ciniki. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma a yankin da aka ayyana a matsayin birni shi ke ba da takardar mallaka, wadda kowa ya sani da C of O, galibi ta shekara 99. Hatimin dagaci ba ya gaya maka ko gwamnati ta riga ta karɓi wannan gonar ta biya diyya tun shekaru goma da suka wuce, ta bar manoma suna nomawa kafin ta tashi aikinta. Irin wannan gona ana yanka ta a sayar, kuma mai saye ba ya sani sai ranar da ya ga jan fenti a katangarsa.

Gyaran ba shi da wuya, ƙiwa ce ke hana mutane. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin ya fitar da lambobinsa, ka kai ofishin filaye na jiharku a bincika: KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, GOGIS a Gombe, NAGIS a Nasarawa, sauran jihohi ma'aikatar ƙasa da safiyo.  In filin yana da C of O da sunan wani, sai an nemi amincewar gwamna kafin ya dawo sunanka a doka. Riƙe takardar wani a akwati ba mallaka ba ce. Izinin gini kuma daban yake, wajen hukumar tsara birane ake nemansa, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna.

Sai gonar gado, wadda ta fi kowacce cika kotuna. Babban wa ya sayar, ya ce shi ne wakilin gida. Bayan shekara biyar ƙanwarsa da ke aure a wani gari ta ji labari, ko ƙaramin da yake yaro a lokacin ya girma, sai sammaci. Kada ka ji kunyar tambaya: an raba gadon? Ina takardar kotu? In ba a raba ba, kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu a gaban shaidu, maraya kuma a bi ta hannun kotu. Mai sayarwar da ya fusata don ka yi wannan tambaya ya taimake ka.

Awon igiya da cin hanya

A filayen awon igiya mai gona yana so ya fitar da fegi da yawa, don haka hanya ce ke shan wuya. A bar lungu ƙafa goma sha biyu, ba filin makaranta, ba na asibiti, wani lokacin ko na maƙabarta babu. Sannan masu gini su zo su ƙarasa: wannan ya turo katanga ƙafa biyu, na gabansa ya ce ai ba zai zauna a ciki ba shi ma ya turo, wani ya haƙa sokawe a waje, wani ya kafa dakalin shago. Kafin shekara uku tifar yashi ba ta iya shiga, balle motar kashe gobara. Mai naƙuda sai an ɗauko ta a Keke Napep zuwa bakin titi.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne, ƙafa biyun da ka ci ta rage wa gidanka daraja fiye da abin da ta ƙara masa. Gidan da mota ba ta kaiwa ƙofarsa ba ya kuɗi, ko da tayil aka shafe shi har waje.

Wannan ba gyaran mutum ɗaya ba ne. Tun gidaje ba su fi biyar ba ya kamata masu filaye su zauna da mai unguwa a kafa turaku a iyakar hanya, a rubuta faɗinta, a yarda da gefen da lambatu zai bi da inda zai zubar. A haɗa kuɗi a sayi fegi ɗaya ko biyu a ajiye don makaranta da taransifoma tun suna da araha. Bayan an gina, ba wanda zai rushe ɗakinsa don zaman lafiya.

A kula kuma da abin da ba na unguwa ba. Titin tarayya yana da haƙƙin mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Babban layin wuta mai ƙarfin 330kV ana barin mita 25 kowane ɓangare, mai 132kV mita 15. Fili a ƙarƙashin waya yana da araha ne saboda dalili.

Rijiya da masai

Fegi mai ƙafa 50 da 50, ga rijiya a wannan kusurwa, ga ramin masai a waccan, bayan katanga kuma maƙwabci ya haƙa nasa ramin daf da rijiyarka. Masana lafiya suna son a sami tazarar kusan mita 30, abin da ƙaramin fili ba zai bayar ba. Mafita ita ce a yi magana da maƙwabta kafin haƙa: ramuka su haɗu a gefe guda, a yi musu siminti yadda ya kamata, ruwan sha kuma a haɗu a yi burtsatse ɗaya nesa da su. Taifot da amai da gudawa da ke yawo a sababbin unguwanni da damina, da yawansu daga nan suke.

Bulo, rodi da gaggawa

Tun da siminti ya yi tsada, har buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, masu buga bulo suka ƙara yashi. Buhun da ya kamata ya ba da bulo mai inci tara wajen 25 zuwa 30, sai a matse shi ya haifi kusan ninki. Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ɗauki ɗaya ka sake shi daga daidai ƙirjinka a kan ƙasa mai tauri: nagari zai tsaya ko ya rabe biyu, na banza zai watse ya zama gari. Ko ka goga ƙusa a jikinsa ka ga yadda yashi ke zuba. In kana da wuri da ruwa, ka sayi simintinka a buga a gabanka, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda.

Kankare ma haka: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa shi ne abin da aka saba a ƙananan gine-gine, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Lebura yana son ya tsinka shi da ruwa don ya yi saurin zuba, kafinta yana son ya cire katakon dekin ya kai wani aiki. Kada ka yarda da ko ɗaya.

Kuskuren da ya fi kisa shi ne ɗora bene a kan tushen da ba a yi shi don bene ba. An gina shaguna a ƙasa, unguwa ta cika, haya ta yi kuɗi, sai a kira birkila a ce, "Malam, zai ɗauki sama?" Shi kuma ya buga bango da hannu ya ce zai ɗauka. Birkila gwani ne a aikinsa, amma lissafin nauyi da kaurin rodi aikin injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da injiniyoyi. In kana da niyyar bene ko da nan da shekara goma ne, faɗa tun ranar haƙa tushe.

Rufi kuwa, iskar farkon damina ce alƙalinsa. A ɗaure katako da rodin da aka binne cikin kankaren saman bango, ba ƙusa da waya kawai ba.

Gidan da ba a iya kwana a ciki

Ni dai ban ga hikimar kwaso zanen gida daga intanet, a cike fili kaf da ɗakuna, a shafe ɗan abin da ya rage da intalok ba. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, gida irin wannan tanda ne. Magabata da suka bar tsakar gida da zaure da bishiya ba rashin wayewa ba ne. A bar tsakar gida ko ƙarama ce, a yi wa kowane ɗaki taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, a rage tagogi a bangon yamma, a ɗaga silin. A dasa darbejiya tun ranar da aka kewaye fili, nesa kaɗan da tushe da sokawe saboda saiwa. Ƙasar da aka bari ba siminti ita ce kuma ke shan ruwan sama maimakon ta tura shi lungu.

Fara abin da ba za a iya rufewa ba

Zagaya bayan kowane gari ka ƙirga kangwaye: ɗaki takwas an kai linta, kuɗi sun ƙare, damina biyar ta bi ta kansu, bulo ya jiƙe ya fara ruɓewa, wurin ya zama maɓoyar ɓata-gari. Gini kaɗan-kaɗan ba laifi ba ne, haka mafi yawanmu ke yi. Kuskuren shi ne a shimfiɗa gidan duka lokaci guda. A zana shi cikakke a takarda, sannan a ɗauki ɓangare guda, ɗaki biyu da banɗaki da kicin, a kai shi har rufi da ƙofa kafin a taɓa saura. Wanda ke aiko da kuɗi daga Legas ko Saudiyya kuma kada ya dogara da hoton waya kawai: a biya kuɗi mataki-mataki, tushe, linta, rufi, kuma kafin a saki na gaba wani wanda ba shi ke riƙe da kuɗin ba ya je ya ƙirga buhunan siminti da rodin da suka shiga aikin.